Riƙon ɗan arowana a tanki ɗaya da wasu kifaye: tambayoyi da amsoshi

Tambayoyin nan kusan iri ɗaya ne kullum. Mutum ya ga ɗan arowana tsawon yatsa yana shawagi a saman ruwa da ɗan gemunsa guda biyu, ya burge shi, ya saya ya kawo gida ya jefa a tankin da dama akwai kifaye a ciki, bayan sati biyu sai ka ji ana ta salati. Abin da nake so ka riƙe kafin ka karanta sauran shi ne, kifin nan yau shi ne abin tausayi a tankin, kowa zai iya cin zalinsa, amma nan da wata shida shi ne zai zama dodon tankin. Duk kifin da zaka haɗa su sai ya dace da shi a lokutan nan guda biyu, ba yau kaɗai ba.

Wai arowana iri nawa ne, kuma wanne ne a hannuna?

Wanda aka fi sayarwa yana ƙarami shi ne silba, mai ruwan azurfa, sunansa na kimiyya Osteoglossum bicirrhosum, asalinsa kogunan Amazon ne a Kudancin Amurka. Shi ne ya fi sauƙin samu kuma ya fi haƙuri da maƙwabta, sai dai shi ya fi tsawo, yana kai santimita 90. Akwai ɗan uwansa baƙi, Osteoglossum ferreirai, na kogin Rio Negro, yana ƙarami baƙi ne wuluk da ratsin rawaya a gefe, idan ya girma launin nan ya gushe, kuma gaskiya jaririnsa ya fi na silba laushi, ban ba mai farawa shawara ya fara da shi ba.

Sai na Asiya, Scleropages formosus, mai ja da mai ruwan zinare, na ƙasashen Malesiya da Indonesiya da maƙwabtansu. Wannan tun 1975 yake cikin rukunin farko na yarjejeniyar CITES ta ƙasashen duniya kan cinikin dabbobin da ke fuskantar ƙarewa, ma'ana ba a cinikin na daji, sai wanda aka haifa a gonar kifi mai rajista, da ɗan cif a jikinsa da takardar shaida mai lamba ɗaya da cif ɗin. A Amurka ma an hana shigo da shi a matsayin kifin ado gaba ɗaya. In aka kawo maka shi babu takarda, ka bar shi kawai.

Akwai jardini na arewacin Ostireliya da tsibirin Niyu Gini, wanda shi ne mafi zafin rai a cikinsu. In shi ne a hannunka to mafi yawan abin da zan faɗa kan maƙwabta ka rage masa rabi, jardini da yawa idan suka wuce santimita 30 ba sa yarda da kowa. Na Afirka kuwa, Heterotis niloticus, ɗan uwansu ne na nesa, shi tace ƙananan halittun ruwa yake yi, riƙonsa daban ne. Maganata a nan mafi yawa kan silba ce.

Wanda na saya akwai wata jaka ja-ja tana reto a ƙarƙashin cikinsa, ciwo ne?

Ba ciwo ba ne, jakar gwaiduwa ce, guzurinsa kenan. Uban ne yake riƙe ƙwai a bakinsa har su ƙyanƙyashe, 'ya'yan su ci gaba da zama a bakin nasa na makonni suna shan gwaiduwar nan har ta ƙare. To kaga duk wanda ka gani a tankin mai sayarwa da jakar nan, an raba shi da bakin ubansa tun lokaci bai yi ba.

Ni dai in da zaɓi bana sayen irin wannan, na fi son wanda ya kai santimita 12 zuwa 15, wanda na ga ya ci abinci a gabana. Amma in ka riga ka saya, shikenan, kada ka sa shi da kowane kifi, ko ɗan ƙaramin kifin adon nan gofi ne, domin da zarar wani ya tsinci jakar nan ta fashe to sai dai haƙuri. Tanki shi kaɗai, ƙasa babu tsakuwa, ka ɗaura soso a bakin bututun da filta, wato matatar ruwan tankin, ke jan ruwa, ruwan kuma kada ya riƙa gudu da ƙarfi. Kada ka ɗauke shi da raga, ka yi amfani da roba ko leda ka ɗebo shi da ruwansa. Ba sai ka ba shi abinci ba har sai jakar ta kusa shanyewa.

Zan iya sa shi cikin sauran kifaye tun ranar farko?

A'a, dan Allah kada ka yi. Dalilai biyu ne. Na farko cuta, ko shi ya kawo wa naka ko naka su ba shi, shi ya sa duk sabon kifi ake killace shi sati 3 zuwa 4 a wani tanki daban. Na biyu kuma wanda ya fi damuna, ɗan arowana matsoraci ne fiye da yadda mutane ke zato. Ka gan shi da baki kamar na mafarauci amma jikinsa siriri ne, fuka-fukansa dogaye masu taushi, ba shi da saurin rige-rigen abinci, kuma ba ya ɓuya, a saman ruwa yake a fili inda kowa ke ganinsa. Kifayen da suka daɗe a tankin sun san lokacin abinci, sun san hannunka, kafin shi ya gama zagaye yana nazarin abin da ka jefa sun cinye tas. Kwana uku huɗu a haka sai ya daina ma gwadawa, ya koma lungu guda kusa da hita ya tsaya, cikinsa ya shafe.

Abin da nake yi, ina barinsa shi kaɗai har ya kai santimita 15 zuwa 20, yana cin abinci da zari, yana tahowa gaban gilashi idan ya hango ni. Sannan in kawo masa maƙwabta cikin nasa tankin, ba shi za a kai gidan wasu ba. Wannan bambancin ƙarami ne a baki amma a aikace babba ne, kifin da ya riga ya mallaki wuri ba ya firgita kamar baƙo.

In dole shi za a kai babban tankin, to ka sauya wa duwatsu da itatuwan ciki wuri a ranar don kowa ya zama baƙo, ka ciyar da tsofaffin su ƙoshi, ka kashe fitila, sannan ka sake shi. Ko ka sa shinge na raga mai tauri ko gilashi a tsakani na sati ɗaya su saba da ganin juna.

Tankina lita 100 ne, mai sayarwa ya ce zai isa tunda kifi daidai tankinsa yake girma. Haka ne?

Ba haka ba ne, kuma maganar nan ta kashe kifaye da yawa. Kifi ba ya daidaita kansa da tanki, tsumburewa yake yi, bayansa ya lanƙwashe, ya yi ta ciwo. Ɗan silba mai samun abinci da ruwa mai kyau yana iya ƙara kusan santimita 5 a wata a farkon rayuwarsa, ka lissafa da kanka inda zai kai nan da shekara.

Na farawa, tanki mai tsawon santimita 120 da faɗin 45 da zurfin 45, wato wajen lita 240, zai riƙe shi na wasu watanni kawai. Babba kuma mafi ƙanƙantar abin da zan yarda da shi shi ne tsawon 180 da faɗin 75 da zurfin 60, lita 810 kenan, in da maƙwabta kuwa gara tsawon 240 da faɗin 90. Faɗi ya fi zurfi muhimmanci saboda juyawa, kifi ne da ke iyo daga wannan bango zuwa wancan dare da rana, in wurin juyawa ya matse sai ya riƙa goga haɓarsa da gilashi har wani ƙulli ya fito masa a bakin, gemun kuma ya lalace.

Ka tuna kuma lita ɗaya kilo ɗaya ce, ga nauyin gilashi ga teburi, tanki irin wannan ya tasar ma tan guda. Ka duba inda zaka ajiye shi tun kafin ka sayi kifin, kifin da zai iya yin shekara 15 ko fiye a hannunka.

Da gaske yana tsalle ya fita?

Wannan ita ce tambayar da nake so a ce kowa ya fara yi. A daji idan ruwa ya malale cikin kurmi, arowana daka tsalle yake yi ya cafko ƙwari daga reshen bishiya, har ana masa laƙabi da birin ruwa. Halittarsa kenan, ba zaka raba shi da ita ba.

Arowana na farko da na riƙe haka na rasa shi. Na kai shi wata biyar, ya kai kamar kamu ɗaya da ɗan ɗori, har ya saba karɓar gyare daga yatsuna. Tankin da murfi, sai dai a kusurwar baya akwai ɗan gurbi inda bututun filta da wayar hita suke shiga, bai fi faɗin yatsu uku ba, kullum ina ganinsa ina cewa ai ba zai iya bi ta nan ba. Da asuba na shigo na tarar da shi a bayan teburin, jikinsa ya bushe ƙura ta manne masa, ɓawonsa guda biyu manya a kan tayil. Har yau in na tuna raina ɓaci yake, domin soso ɗan ƙarami da zan cusa a gurbin nan da ya wadatar.

Saboda haka murfi ya rufe ko'ina, ya zama mai nauyi ko mai maƙalli, babba yana iya ture murfin roba da kansa. Duk rami ka toshe shi da soso. Ka bar tazarar santimita 10 zuwa 15 tsakanin ruwa da murfi don in ya yi tsalle kada ya fasa kansa. Kuma yawancin tsallen dare firgita ce ke kawo shi, ko an kunna fitilar tanki kwatsam cikin duhu, ko an buga ƙofa, ko wani maƙwabci na binsa. Ka fara kunna fitilar ɗaki, bayan minti goma ka kunna ta tankin, wajen kashewa kuma ka juya tsarin. Ɗan ƙaramin haske da dare yana taimakawa sosai. In ka tarar da shi a ƙasa da sauran motsi, ka ɗauke shi da jiƙaƙƙen tawul ka mayar, ka riƙe shi a tsaye kusa da inda iska ke ɓulɓulowa har ya iya tsayuwa da kansa, da yawa suna farfaɗowa.

To su wane kifi ne suke zama lafiya da shi?

Abu uku nake dubawa. Kifin ya fi ƙarfin bakinsa, ba yau kaɗai ba har gaba. Kada ya zama mai cizon fiffike ko mai faɗa. Sannan ya zama mazaunin tsakiya ko ƙasan ruwa, ya bar masa sama. Kuma ka lura, bakin arowana buɗewa yake kamar ƙofar bayan tifa, abin da kake ganin ba zai shiga ba sai ka ga ya shige, shi ya sa kifi mai faɗin jiki kamar faifai ya fi siriri tsira ko da tsawonsu ɗaya.

Silba dola, wasu kifaye masu faɗin jiki daban da arowana silba, su ne na fi yarda da su, a sa guda biyar ko shida, faɗinsu ya kare su, ba ruwansu da shi, kuma zirga-zirgarsu tana kwantar masa da hankali, in ya ga wasu na yawo a fili sai ya san babu haɗari. Aibinsu ɗaya, duk wani tsiro da ke tankin sai sun cinye. Seberum da jiyofagus, dangin karfasa ne na Kudancin Amurka masu sanyin hali, su ma suna dacewa, jiyofagus yana ƙasa yana tankaɗe yashi abinsa. Bicir, wato dangin Polypterus, yana kwance a ƙasa kamar ba ya nan, sai dai shi siriri ne, ka tabbata kaurinsa ya wuce a haɗiye shi, kuma shi ma gwanin silalewa ta rami ne.

Tinfoil bab da bala shak suna zama da shi amma sai babban tanki, suna kai santimita 30 zuwa 35, garke suke so, kuma wajen abinci ba su da kunya ko kaɗan, ɗan arowana ƙarami ba zai samu komai a gabansu ba. Su sai ya girma.

Fileko mai share gilashi, mutane na ɗauka dole ne a sa shi. Ba dole ba ne, kashin da yake yi ya fi abin da yake sharewa. Wani kuma in yunwa ta kama shi sai ya koyi manne wa arowana a gefe da dare yana tsotsar yauƙin jikinsa, da safe ka ga farin tabo zagayayye. In ka ga haka ko sau ɗaya ka fitar da shi, ba ya dainawa.

Oska fa, wani kakkauran kifi dangin karfasa, shi ne aka fi tambaya. Babban arowana da oska suna iya zama, na ga inda suka yi shekaru lafiya. Amma ɗan arowana da oska sa'ansa, oskan ya fi shi kauri da haɗama da rashin tsoro, sau da yawa shi ke cin zali. Ni sai arowana ya ninka oska tsawo nake haɗa su.

Waɗanne ne ba za a haɗa su ba ko kusa?

Duk ƙananan nan masu kyau, niyon tetra, gofi, moli, daniyo. Yau yana wuce su kamar bai gansu ba, wata rana zaka ƙirga ka ga babu biyu, gobe babu uku. Ba mugunta ba ce, abincinsa ne ka ajiye masa.

Masu cizon fiffike irin su taiga bab, waɗannan kuma su ne za su mayar da wutsiyarsa tsumma. Masu faɗa irin su fulawahon da red debil da jaguwa, su kashe shi ma suna iya yi a dare ɗaya. Babbar tarwaɗar nan mai jan wutsiya ta Amazon, ana sayar da ita tana 'yar mitsitsiya abin sha'awa, amma ta fi shi saurin girma, tana wuce mita guda, kuma da dare take farauta lokacin da shi yake hutawa.

Akwai haɗarin da ba a cika faɗa ba, ƙananan kifaye masu ƙaya a fiffike irin su koridoras da ƙaramin kurungu da ɗan fileko. Idan ya yi ƙoƙarin haɗiye su sai su miƙe ƙayoyin su kulle, su maƙale masa a wuya, ba shiga ba fita, a rasa duka biyun.

In sayi guda biyu don kada kaɗaici ya dame shi?

Ba ya jin kaɗaici. Suna ƙanana zaka gansu tare gwanin sha'awa, suna tasawa sai ɗaya ya mallaki saman ruwan ya hana ɗayan sakat. Biyu ko uku shi ne mafi muni, domin duk faɗan kan mutum ɗaya yake sauka. Masu haɗa su da yawa shida ko fiye suke sawa a tafkeken tanki don faɗan ya rarrabu, kuma ko su ɗin zaka ga yagaggun fuka-fukai. A gida, guda ɗaya.

Me zan ba shi, kuma yaya zan yi ya samu rabonsa?

Yana ƙarami sau 2 zuwa 3 a rana, kaɗan kaɗan, abin da zai cinye cikin minti biyu uku. Ƙananan gyare, jar tsutsar ruwa mai ƙanƙara, tana yankakkiya, ɗan naman jatan lande da aka ɓare aka cire ƙahon nan mai tsini na kansa, da yankan farin kifi. Idan ya wuce santimita 30 sau ɗaya a rana ya isa, babba ma har ana tsallake masa rana.

Ka koya masa cin felet, wato busasshen abincin kifi mai ƙwaya-ƙwaya, mai yawo a saman ruwa tun yanzu, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Zai ɗauka ya tauna ya furzar, ya sake furzarwa, kada ka karaya. Ka jefa ƙwaya ɗaya ɗaya da ɗan ƙarfi yadda za ta motsa ruwa kamar ƙwaro ya faɗo, da safe lokacin da yake jin yunwa, wani lokacin ka jiƙa ta da ruwan jatan lande. Wanda ya saba da felet ya hutar da kai, wanda kuwa aka sangarta da abu mai rai kaɗai yana iya yin sati biyu yana yajin cin abinci.

Kada ka mayar da ƙananan golfish abincinsa. Suna zuwa da cuta da ƙwarin jiki, kitse ya musu yawa, sannan akwai wani sinadari a jikinsu mai suna tayaminas da ke lalata bitamin B1. Kyankyaso ko fara da ka kama a inda ake fesa magani, shi ma a'a. Kuma kifin da ya saba farautar kifi mai rai kallon abinci zai riƙa yi wa maƙwabtansa.

Wajen rabo, dabarar mai sauƙi ce. Ka fara zuba wa sauran abinci mai nitsewa a ƙarshen tanki ɗaya, suna can ƙasa suna wawaso sai ka ba shi nasa a ɗaya ƙarshen, kullum wuri ɗaya. Cikin 'yan kwanaki zaka ga yana jiranka a wurin. Ka kula da yatsunka kawai, kuma kada ka riƙa ɗaga abincin sama da ruwa don ya yi tsalle a nuna wa baƙi, kana koya masa abin da zai kashe shi ne.

Ruwan fa, me yake buƙata?

Zafi digiri 26 zuwa 28, da hita mai kariya a jiki don kada ya ƙone ko ya fasa ta, da ma'aunin zafi daban domin hita tana ƙarya. pH, wato ma'aunin tsamin ruwa, tsakanin 6.5 da 7.5, kuma tsayuwarsa wuri guda ta fi maka amfani a kan ka yi ta zuba magani kana neman wata lamba.

Babban abin shi ne kada ka sa shi a sabon tankin da aka cika jiya. Kashin kifi da numfashinsa suna fitar da amoniya, guba ce, akwai bakteriya masu amfani da ke zama a cikin soson filta su mayar da ita naitirayit, ita ma guba ce, wasu kuma su mayar da wannan naitiret wadda ta fi sauƙi. Kafin bakteriyar nan su kafu ana ɗaukar sati 4 zuwa 6. Ka sayi kayan gwajin ruwa, amoniya sifili, naitirayit sifili, naitiret ƙasa da 40, in ma ƙasa da 20 ne ya fi. Ruwa ya yi garau a ido ba shi ne lafiyarsa ba.

Canjin ruwa kashi 20 zuwa 30 cikin ɗari duk sati, in tankin da maƙwabta masu ci da yawa to sau biyu. Sabon ruwan zafinsa ya yi daidai da na ciki, a zuba a hankali, a sa maganin kashe kulorin. Ajiye ruwan famfo ya kwana yana fitar da kulorin amma ba ya fitar da kuloramin, wani sinadarin tsabtace ruwan famfo da ake sawa a wasu wurare, saboda haka kada ka dogara da kwanan ruwa kaɗai. Soson filta kuma da ruwan tankin da ka ɗiba a bokiti ake wanke shi, in ka kai shi bakin famfo ka kashe bakteriyar ka koma farko. Kuma duk sanda zaka ƙara kifi, kaɗan kaɗan, kada ka zuba goma rana ɗaya.

Ta yaya zan gane ana cin zalinsa tunda ban taɓa ganin faɗa ba?

Ba za su yi a gabanka ba, da dare ne ko sanda ka fita. Ka duba gefen wutsiya da dogon fiffiken ƙasa, in ka ga tsagewa ko gurbi kamar an gutsura. Ka duba ƙasan tanki ko akwai ɓawonsa, manya ne ba sa ɓuya. Lafiyayyen arowana yana tafiya a hankali a saman ruwa, gemu a miƙe gaba, fuka-fukan ƙirji a buɗe. Wanda ya takura yana tsayawa a kusurwa, ko ya kwanta a ƙasa, ko ya yi ta sintiri da sauri yana goga baki da gilashi, ya ƙi abinci. Ka zauna nesa da tankin cikin duhu na minti ashirin ba motsi, zaka ga mai laifin da idonka. Ka raba su a ranar, kada ka ce bari mu gani zuwa gobe. Fiffike da ɓawo suna sake fitowa cikin makonni in ruwa na da tsabta, gemu ma yana fitowa in dai tushensa bai lalace ba.

Idonsa ɗaya ya fara kallon ƙasa, marfin wurin numfashinsa kuma kamar yana nannaɗewa.

Abu biyu ne daban. Faɗuwar ido ta yi yawa a silba, masu kiwo sun daɗe suna muhawara a kai, wasu su ce kitse ne ya taru a bayan idon, wasu su ce yawan kallon ƙasa ne, wasu gado, wasu buguwar kai a murfi. Ba ya kashe shi, yana ci yana girma abinsa, sai dai in ya zauna da wuya ya koma. Abin da ke hannunka shi ne rage abinci mai kitse, ba shi mai yawo a sama, da hana shi firgita.

Nannaɗewar marfin da ke rufe wurin numfashinsa kuwa, wannan saƙo ne daga ruwa, ko datti ya yi yawa, ko iska ta yi kaɗan, ko tankin ya matse shi. In ka kama abin tun yana gefen nan mai taushi, ka ƙara canjin ruwa, ka ƙara famfon iska, ka ba shi fili, yana iya komawa daidai. In ya kai ga ɓangaren mai tauri to ya wuce gyaran gida.

Farin ɗigo ya fito wa kifayen kamar an barbaɗa gishiri, in zuba magani a tankin duka?

Tankin duka ake yi wa magani domin ƙwayar cutar tana cikin ruwan da ƙasan tankin, ba a jikin kifi kaɗai ba. Ka ɗaga zafi a hankali zuwa digiri 30, ka ƙara iska saboda ruwan ɗumi ba ya riƙe iska sosai, ka ci gaba har kwanaki bayan ɗigon ya ɓace. Amma ka karanta takardar maganin da kyau, maƙwabta marasa ɓawo da dangin tarwaɗa ba sa jure gishiri mai yawa ko magani mai jan ƙarfe a ciki. In akwai gawayin tace ruwa a filtarka ka cire shi kafin ka zuba, in ba haka ba shi zai shanye maganin.

In wuta ta ɗauke fa?

Arowana yana iya haɗiyar iska daga sama ya ɗan jure, maƙwabtansa ne za su fara galabaita, sai kuma bakteriyar filta. Ka ajiye famfon iska mai batir, kada ka ba su abinci har wuta ta dawo, in da sanyi ka lulluɓe tankin da bargo. In ta daɗe awanni da yawa kuma filtarka rufaffiya ce, ka zubar da ruwan da ya kwanta a cikinta kafin ka kunna, kada ta turo ruɓaɓɓen ruwa cikin tankin.

Ya fi ƙarfin tankina kuma ba ni da halin babba, in sake shi a kogi?

Kada ka sake shi, ko ya mutu a wahale ko ya rayu ya addabi kifayen wurin, kuma a ƙasashe da yawa laifi ne a doka. Ka fara neman wanda zai karɓa tun yana santimita 35 zuwa 40, mai babban tanki ko rufaffen tafki, domin idan ya kai 70 masu iya karɓarsa kaɗan ne ƙwarai. Ranar ɗaukarsa ka hana shi abinci kwana biyu kafin nan, ka rage ruwan tankin zuwa rabi, ka kora shi a hankali ya shiga babbar leda mai kauri a cikin ruwan, kansa ya fara shiga, ka ninka ledar biyu, ban da raga. A sabon wurin a bar ledar ta yi yawo a saman ruwa minti 20, a riƙa ƙara mata ruwan tankin kaɗan kaɗan, a sake shi fitila a kashe, a rufe murfi a ɗora masa nauyi, kuma kada a damu in ya yi kwana uku ko huɗu bai ci komai ba.